Baffan Da Bai Yarda Da Idonsa Ba

Ni dai Allah ya yi ni da ido. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani daga bakin rijiyar Kusugu har shingen Kongolam na kan iyaka. In na ga sa sau ɗaya a kara, wato kasuwar shanu, ko bayan shekara goma aka yanka shi, aka yi kilishi da shi, aka miƙo min a takarda, kallo ɗaya zan yi in gaya maka garin da aka haife shi da irin ciyawar da ya ci. Fuskar mutum kuwa ba a ma magana.

Da wannan idon ne, ranar da Baffa ya rasu, na rungume wani mutum a ƙofar gida, na fashe da kuka a kafaɗarsa ina cewa, "Mun yi rashi, surukinmu, mun yi rashi!" Bawan Allah ya bar ni na jiƙa masa riga sharkaf, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa, Alhaji. Ni mai rumfa ne. A ina za a kafa?"

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya dosa. Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya riƙe gidanmu tun bayan rasuwar yayansa, ya amsa kira wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Dillalin shanu ne, a kara ya yi ƙuruciya, a kara ya tsufa.

Dillalai suka zo a ayari, suka cika tabarma uku. Wani tsoho a cikinsu, abokin cinikinsa na shekara da shekaru, ya girgiza kai ya ce, "Ban taɓa jin mutumin nan ya ce 'na tabbata' ba. Ka riƙe hannun mai saye, bakin mai kaya ya buɗe zai ce albarka, sai ka ji shi daga bayanka: 'A dakata, bari in sake duba haƙorin nan.'" Wani mahauci ya ce, "Ai ni ya sha ɓata min kasuwa. Sau nawa na rantse ba zan ƙara gaishe shi ba!" Yana faɗa sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Samarin gidan suna can gefe suna tuna sunan da suka laƙaba masa a ɓoye, wai Bari-In-Sake-Dubawa. Dariya na son kufce musu, hawaye na hana ta.

Na shiga cikin gida don in gaida Inna, matar Baffa. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, mata kewaye da ita. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ba ta ɗago ba.

"Na san kai za ka rubuta tarihinsa," in ji ta. "Kai ne mai bakin gidan."

"In Allah ya so, Inna."

"To in za ka rubuta, ka sa har da naka. Ka sa abin da ka gaya masa a ƙofar kotu."

Matan da suka san zancen suka sunkuyar da kai, waɗanda ba su sani ba suka zuba min ido. Na tashi na fito. Shekara ashirin da wani abu ina fatan an manta. To ga shi, Inna. Zan sa.

Kada wani ya ɗauka waswasi ke damun Baffa. A'a. Sallarsa sallar natsuwa ce, bai taɓa shakkar Ubangijinsa ba. Abu biyu ne bai yarda da su ba: idonsa da bakinsa. In ya yi gardama da mutum yau, gobe da sassafe za ka gan shi a ƙofar gidan mutumin yana cewa, "Maganar jiya, na auna ta. Kamar rabin gaskiyar na wajenka." Har mutane suka riƙa gudun yin faɗa da shi, don sun san washegari za su sha kunya. Ka tambaye shi ko tunkiyar nan za ta yi Layya, ya buɗe bakinta, ya rufe, ya zagaya, ya dawo ya sake buɗewa. Ni kam na taɓa ce masa, "Baffa, tunkiyar nan ta gaji, ta ce ko dai ka saye ta ko ka aure ta."

Inna ce ta ba ni asalin abin, wata rana tana tankaɗe. Ta ce yana saurayi, lokacin da yake ji da kansa a kara, wani Bafillatani ya kawo masa saniya ya ce ya duba masa, shekara uku ba ta haihu ba. Baffa ya shafa cikinta sau ɗaya ya ce juya ce, ba za ta taɓa haihuwa ba, gara a rabu da ita. Mutumin ya yarda da shi, aka sayar wa mahauta. Da aka farke ta a mayanka sai ga maraƙi a ciki, cikakke, har da gashi. Mai saniyar yana tsaye a wurin. Bai zagi Baffa ba. Ya dube shi kawai, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Inna ta ce wannan kallon ne bai bar Baffa ba har tsufa.

Ni a lokacin dariya na yi. Na ce maraƙi ɗaya ne zai sa mutum ya ƙare rayuwarsa yana duba haƙori sau biyu?

Sai ga tawa ta zo.

A shekarun farko ne da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane zafin da ke cikin mutane ba. Kowa na son gyara, kuma kowa na ganin wani ne ya kamata a fara gyarawa. A majalisa, a tasha, a bakin masallaci, zancen ɗaya ne: ɓarawo ya shiga uku, yanzu hannu ake cirewa. Yau na san alƙalai ba sa yanke irin wannan hukunci da garaje. Amma a lokacin ba mu sani ba, kuma wanda zan ba ku labarinsa shi ma bai sani ba.

Ina da shanun huɗa biyu, ja da fari. Wanda ya san noma da shanu ya san kowane sa da gefensa a ƙarƙashin karkiya, itacen nan da ake ɗora musu a wuya su ja garma. Jan nawa na dama ne, farin na hagu. Farin a gidanmu aka haife shi, Baffa ne ya tsaga masa kunne da wuƙarsa yana maraƙi: tsaga biyu a kunnen dama, a gutsure bakin na hagu. Shaidar gidanmu ke nan tun kakanni.

Ana saura kwanaki ruwa ya sauka, na tashi da asuba na tarar da igiya a yanke, turke ba kowa. Na yi ihun da na tabbata an ji shi a Katsina. Mako uku ina yawo, babu kasuwar da ban taka ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito, maƙwabta suka fara huɗa. Ni ga garma a jingine, ga Ja shi kaɗai yana kallona. Sa ɗaya ba ya jan garma.

Ranar kasuwar Mai'aduwa na shiga kara, ina ɗaga kai sai ga shi. Fari tas, baƙin baki, ƙaho irin nasa. Na kama kunne: tsaga biyu a dama, gutsure a hagu. Wani dogon mutum ne riƙe da igiyar, da ganin rawaninsa ka san daga tsallaken iyaka yake.

Ban yi masa sallama ba. Ban tambaye shi ba. Na buɗe makogwaro na ce, "Ɓarawo!"

Kafin in rufe baki kara ta rufe shi. Sanduna suka tashi sama. Ina jin muryarsa a ƙarƙashin mutane yana cewa, "A gidana aka haife shi! Wallahi a gidana aka haife shi!" Da 'yan sanda ba su zo da wuri ba, da ba a kai ga kotu ba. Aka fito da shi jini na zuba a goshinsa. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, "Ka yi bankwana da na daman!" Aka kwashe da shewa. Na ga mutumin ya dubi hannunsa, ya cusa shi a hammata.

Aka tsare shi, aka ɗaure san a bayan kotu. Maƙwabcina ya ba da shaida cewa ranar da aka yi satar ya hangi wani dogon mutum yana kora farin sa a burtali da sassafe. Alƙali ya ce a kawo wanda ya tsaga kunnen da hannunsa.

Na je na ɗauko Baffa ina fara'a. A hanya har ina tsara yadda zan shiga gari da sana, da wanda zan fara yi wa gwalo.

Aka fita bayan kotu, jama'a sun yi dafifi. Baffa ya tsaya gaban san ya daɗe. Ya shafa kunnen dama. Ya shafa na hagu. Ya buɗe baki ya duba haƙori. Ya ja da baya, ya dawo, ya sake kama kunnen.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "tsagar gidanmu ce."

Na yi ajiyar zuciya.

"Amma ban san ko hannuna ne ya yi ta ba."

Alƙali ya gyara zama. "Dattijo, za ka iya rantsewa san ɗan ɗan'uwanka ne?"

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya rantsewa ba nasa ba ne?"

"Shi ma ba zan iya ba. Shekara biyar ke nan da na tsaga. Kunne na girma, ido na raguwa. Ina roƙon a ba ni mako guda."

Wurin ya kaure da guna-guni. Alƙali ya ba shi makon.

A ƙofar kotu na tare shi, a gaban mutane, a gaban dillalan da suke girmama shi. Ga abin da na ce, Inna, ban rage ba:

"Baffa, kai ba tsoron Allah ke damunka ba, tsoron magana ne. Ka tsufa ba ka taɓa zama namiji ka tsaya kan magana ɗaya ba. Da mahaifina na da rai, da bai tozarta ni haka ba."

Na zaci zai mare ni, kuma wallahi da ya fi min sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Mai yiwuwa ne, ɗan nan. Zan duba."

Ya juya ya nufi tasha shi kaɗai.

Kwana uku gidanmu kamar an yi mutuwa. Na daina zuwa cin tuwo a zaurensa. Inna in ta gan ni sai ta kau da kai. A gari ana cewa an saye tsohon, wasu na cewa ruɗewar tsufa ce. Matata ta gaya min an ga Baffa ya kai wa ɓarawon fura a inda ake tsare da shi. Na ce ai sai ya kai masa har da katifa. Gerona kuwa ciyawa na cinye shi, kullum in na leƙa gona sai in ji kamar in koma in ƙara wa Baffa wasu maganganun.

Rana ta huɗu da safe ya yi sallama a ƙofata, da sandarsa da butarsa.

"Tayar da babur."

"Zuwa ina?"

"Faransa." Haka tsofaffinmu ke kiran ƙasar Nijar.

Ban so ba, amma ban iya ƙi ba. Sai da muka wuce Kongolam ya yi magana daga bayana. Ya ce ya tambayi mutumin wa ya koya masa wannan tsaga. Mutumin ya ce haka ya tarar ana yi a gidansu, shanun kakarsa ne, kakar kuwa an ce daga ƙasar Daura aka auro ta. Baffa ya ce tun yana yaro yana jin mahaifinsa na zancen wata ƙanwarsa da aka kai aure arewa, aka raka ta da karsana guda. Bayan rasuwarta zumunci ya yanke.

Na ce, "Baffa, ɓarawo ai ba ya rasa kaka."

"Mai yiwuwa. Ka dai kula da hanya."

Ƙauyen ƙarami ne. Muna tsayawa maza suka taso daga gindin wata bishiyar bedi, wasu da gatari a kafaɗa. Labari ya riga mu zuwa. Muka yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma da ƙyar. Wani ya nuna ni da baki ya ce, "Wannan mai tumbin ne ya yi ihun." Ni da nake cika kasuwa da murya, sai ga ni ina neman hanyar gudu. Na auna tsakanina da babur, na ga ko na kai gare shi, ba zan tayar da shi kafin gatari ya iso ba.

Baffa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce a kira masa mahaifiyar mutumin. Tsohuwa ta fito tana dogara sanda, idanunta sun kumbura.

"Kun zo ku ɗauki ɗayan hannun ne?" in ji ta.

"Baiwar Allah, tambaya na zo yi. Ban sani ba ne, shi ya sa na zo."

Ya ambaci sunan kakanmu, ya ambaci sunan ƙanwarsa, da unguwar da aka ɗauke ta. Tsohuwar ta dube shi da kyau. Ta ce, "Uwar mijina ce."

Aka kai mu bakin rijiya inda shanunsu ke shan ruwa. Na kama kunnen saniyar farko: tsaga biyu, gutsure. Ta biyu, haka. Maraƙi, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har kunya ta hana ni ci gaba. Shaidar da nake taƙama babu mai ita sai mu, ga ta nan tana kaɗa ƙuda a wata ƙasa.

Duk da haka na raɗa wa Baffa, "Wannan bai wanke shi ba. Ai ma ya fi kowa sauƙin ɓoye sanmu a cikin nasa."

"Gaskiyarka," in ji shi. "Shi ya sa ba mu gama ba." Ya juya ga ƙanin mutumin, wani ƙaƙƙarfa mai jajayen idanu. "Sanku da aka kama, yana huɗa?"

"Shekara biyu yana yi."

"A wane gefe?"

"Dama."

Baffa ya dube ni. Nawa na hagu ne.

Ya roƙe su su ba da abokin jan san, a kai shi kotu a gwada. Nan fa wuri ya sake hargitsewa. Ƙanin ya ce, "Kun ɗauke mana wa, kun ɗauke mana sa, yanzu mu miƙa muku na biyun da hannunmu? Wa zai dawo mana da shi?"

"Ni zan zauna," in ji Baffa. "Ku riƙe ni a nan. In sanku bai dawo ba, ni ma ban koma ba."

Na ce, "Baffa!"

"Kai ka yi ƙara, kai za ka je gaban alƙali ka ce a gwada."

"In ce masa me?"

"Abin da ke ranka yanzu. Ka ce ba ka tabbata ba. Ba ta kisa, ni kullum ina faɗinta."

Haka na baro shi zaune a kan buzun aro, tsakiyar mutanen da ba su amsa sallamarmu ba. Da na isa gida na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka bar min miji a can ka dawo da babur?" Ta shige ɗaki.

Na sha tsayawa gaban mutane, na yi sanƙira a biki, na yi jawabi a taro ba a gayyace ni ba. Ban taɓa jin magana mai nauyi irin wadda na ɗauka zuwa kotu ba. Alƙali ya ce, "Mai ƙara, me ke tafe da kai?" Maƙwabcina na hararata. Waɗanda suka taya ni ihu a kasuwa suna bakin taga.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban tabbata ba."

"Ɗaga murya."

Ni! Wai ni ake cewa in ɗaga murya. Na sake faɗa, na kuma bayyana abin da muka gani da abin da Baffa ya nema. Alƙali ya sa ranar gwaji.

A wani fili bayan kotu aka yi. An kawo Ja daga gidana, ƙanin mutumin ya koro nasu san tun daga tsallake. Aka fito da wanda ake tuhuma, ya rame kamar an tsotse shi, hannun dama na hammata.

Aka fara da ni. Na sa Ja a dama, na sa farin a hagu, na ɗaure karkiya, na kama garma. Na yi fito irin wanda farina ya sani tun yana ƙarami. A zuciyata ina roƙon ya miƙe, kuma ina tsoron ya miƙe, don in ya miƙe ban san abin da za a yi wa mutumin nan ba, ban kuma san abin da za a yi wa Baffa ba.

Ja ya taka. Farin ya tokare, ya danno Ja da kafaɗa yana neman ya ƙetare shi ya koma dama. Garma ta karkace, ta kusa fizge min hannu. Na sake. Ya juya gindi waje, suka cakuɗe. Na sake na uku. Kunyar huɗar da muka ja, ko maciji ya sha duka ba zai yi irin wannan lauje-laujen ba.

Ƙanin mutumin ya kwance su. Ya sa farin a dama, ya sa nasu a hagu. Bai yi fito ba, bai ɗaga bulala ba, harshe kawai ya kaɗa. Shanun nan suka haɗa kafaɗa suka tafi kamar an ja musu zare, suka kai ƙarshen fili, suka juyo da kansu.

Ba wanda ya yi shewa. Maƙwabcina ya ce shi dai dogon mutum ya gani, bai ce wannan ba ne. Alƙali ya sallami mutumin da sansa, ya yi min faɗan da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Kwana goma sha biyu bawan Allah ya yi a tsare. Da aka ce ya tafi, sai ya zaro hannun daga hammata a hankali, yana buɗe yatsun yana rufewa.

Da na koma tsallake na tarar da Baffa a bakin rijiyarsu, ya buɗe bakin wata saniya yana duba musu haƙori, ga ƙwaryar fura a gefensa.

"Ya ja a dama?"

"Ya ja, Baffa."

"Alhamdu lillahi." Ya saki saniyar, ya goge hannu a riga. "Ka san wani abu? Wallahi ni na fi zaton naka ne. Tun ranar farko, kashi tara cikin goma na ce naka ne."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ɗayan."

Farina dai har yau ban san inda ya shiga ba. A wannan daminar Baffa ya samo min wani ɗan bijimi, ya ce mu koya masa hagu. Shi ya riƙa jan igiya a gaba, tsoho da shi, cikin laka, ni ina riƙe da garma a baya. Na nemi gafararsa a tsakiyar kunya, ya ce in kula, layi na karkacewa. Bai taɓa tayar da maganar ƙofar kotu ba har ya koma ga Allah. Zumuncin da ya yanke kuwa ya ƙullu, mutanen tsallake suka koma 'yan'uwa, ana biki da suna tare.

Ban daina surutu ba, wannan sai kabari. Amma tun daga ranar ban sake kiran ɗan Adam ɓarawo ba. In kalmar ta zo bakina sai in ji garma na karkacewa a hannuna. Abin mamaki, tun da na koyi cewa "bari in sake dubawa" mutane suka fara kawo min rikicinsu in raba, abin da ba su taɓa yi ba lokacin da na san komai.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Bai yarda da idonsa ba, amma ya yarda da kai. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa makwanci, ka ba Inna haƙuri, mu kuma ka ba mu ko da kashi ɗaya cikin goman nan nasa.

Ranar sadakar bakwai sai ga ɗan'uwan namu na tsallake, mai san, gemu ya yi fari fat. Ya yi addu'a ya daɗe, ya shafa da hannu bibbiyu. Samari suka tambayi ko wane ne, na ga dama ta samu, na gyara zama na ba su labarin tun daga kara. Da na zo tsakiya sai bakina ya fi ƙarfina. Na ce, "Ni ma fa tun farko zuciyata ba ta kwanta ba. Kwana goma sha biyun nan da aka tsare shi, ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba."

Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Allah Sarki, ɗan'uwa," in ji shi. "Ni kuwa ranar da aka fito da ni na kalle ka da kyau. Har kumatu ka ƙara."